Kofi na Talatin da Bakwai

Ƙarfe takwas saura kwata na safe, Sista ta juya ta dubi bangon kicin. Kofi ɗaya ya rage a rataye.

A bangon nan akwai ƙusoshi sittin da huɗu, layi huɗu, sha shida-sha shida. Kowace ƙusa da kofin silba, kowane kofi da lambarsa da jan fenti a gindi. Da su Sista take ƙirga mutanenta, waɗanda ba su da ɗakin kwana sai inda dare ya yi musu. Ba ta tambayar suna, ba ta tambayar gari, ba ta tambayar abin da ya raba mutum da gida. Ka zo ƙofar baya ta gidan Sistocin coci sau uku a jere, za ta ba ka ƙusa. Daga nan kullum da safe kai za ka sauke kofinka, ka sha shayi, ka karɓi burodi yanka biyu, ka wanke, ka mayar. Wanda kofinsa ya kwana biyu ba a sauke ba, Sista za ta zura takalminta ta bi sawu: asibiti, ofishin 'yan sanda, ƙarƙashin gada, daga ƙarshe ɗakin ajiye gawa. Shekara arba'in da uku ke nan tana wannan aiki. Ɗakin gawa kaɗai ta shiga sau ɗari da goma sha biyu, kuma duk shigar da ta yi a tsorace ta yi ta.

Kofin da ya rage na talatin da bakwai ne, na Baba Masaƙi. Shekara sha ɗaya yana zuwa, bai taɓa fashi ba sai sau biyu da zazzaɓi ya kayar da shi. Shi ne na farko a layi, tun kafin ruwa ya tafasa.

"Yaya," Sista ta ce wa mai dafa shayin, wata dattijuwa da ta girme ta da shekara uku, wadda ita ma a dā mai ƙusa ce, "kin ga Baba Masaƙi?"

"Da na gan shi da kin ji shi. Mutumin da in ya ce ina kwana sai tantabarun coci sun tashi?"

A bakin ƙofa wani dogo yana tsoma burodi, wanda kowa ke kira Lauya saboda bai taɓa yarda an kayar da shi a gardama ba. Yana cikin mutum goma sha ɗaya da ke kwana a tsohuwar masaƙa, wadda aka rufe shekara ashirin da suka wuce.

"Lauya, ina kuka baro shi?"

"Ranki ya daɗe, ni tun Laraba na kwashe kayana. Duk mun watse. Ai ke kika yi mana shela ran Litinin, kika ce yau Asabar za a rushe wurin. Kika ce kowa ya ji? Muka ce mun ji. Shi ma ya gyaɗa kai, ina shaida."

"Kullum yana gyaɗa kai in ya ga ana gyaɗawa," Yaya ta ce, ta ajiye ludayi a hankali.

Sista ta tuna Litinin ɗin sarai. Burodi ya zo a makare, layi ya kai titi, ta yi shelar tana yanka, kanta a sunkuye, bayanta ga mutane. Baba Masaƙi kurma ne. Ƙarar injinan masaƙar ce ta cinye masa kunnuwa a shekara sha tara da ya yi yana aiki a cikinta. Ba ya jin magana sai ya ga bakin mai yin ta. Ita ta san haka fiye da kowa a duniya. Ta ɗauka Lauya zai faɗa masa, Lauya ya ɗauka ta faɗa.

"Ƙarfe nawa suka ce za su fara?"

"Tara," in ji Lauya. "Amma da zan wuto na ji katafila tana kuka."

Ko atamfar kicin mai aljihu da ta ɗaura a gabanta ba ta kwance ba ta fita.

Daga ƙofar baya zuwa masaƙa taku dubu ɗaya da ɗari tara ne, ta sha ƙirgawa. Mai lafiya minti sha biyar. Mace 'yar shekara sittin da takwas, mai gwiwar hagu da ke kumbura, minti ashirin da biyu. Ta wuce shagon mai gyaran takalma, ta wuce gidan mai, ta tsallaka titi ba ta duba ba har wani direba ya leƙo ya ce, "Mama, in sama kike sauri ba ta motata ba!"

Mutanen unguwa suna ce mata jaruma, abin da ya fi komai ba ta haushi. Ita dai ta san kanta. Babanta mai haƙar rijiya ne. Tana shekara tara ɗan akuyar maƙwabta ya faɗa wata rijiya mai gaba goma sha biyu wadda bakinta ba ya ɗaukar kafaɗar babba. Baban ya ɗaura mata igiya a ƙugu ya zura ta. Ta kamo ɗan akuyan, amma igiya ta maƙale a tsagar itace, aka yi ta fama a sama, ita tana lilo a cikin duhu, ƙasa na zubo mata a ka. Ta ƙirga har ɗari shida da wani abu kafin a jawo ta. Tun ranar ba ta sake kwana babu fitila ba. Wanta, wanda yanzu ya ba saba'in baya, har gobe in ya kira ta a waya sai ya ce, "Farar kura, an biya kuɗin wuta kuwa?" Ranar da ta ce za ta zama Sista, uwarta dariya ta yi har da hawaye: "Ke da sai an raka ki bayan gida?"

Tana da shekara ashirin da biyar aka ba ta kicin ɗin gidan Sistoci. Wata safiya wani mutum ya kwanta a ƙofar baya, ƙafarsa ta ruɓe, ƙudaje sun rufe shi. Tsoro ya hana ta matsawa, tausayi ya hana ta rufe ƙofa. Sai ta zuba shayi ta tura masa kofin da sandar tsintsiya. Ya dube ta ya ce, "'Yata, ba na cizo." Kunya ta kama ta, ta durƙusa ta wanke ƙafar tana kuka tana yunƙurin amai. Washegari mutum uku suka zo. Bayan wata guda, sha bakwai. Ta roƙi kafinta ya buga mata ƙusoshi.

Tsoron kuwa bai taɓa barin ta ba, sai dai ya saba da ita. Wani mashayi ya karya mata hannu. Kare ya cije ta sau biyu. Shekarar amai da gudawa ta binne mutum tara a mako uku. Babbar Sista sau uku tana ce mata ta koma makaranta ta koyar da yara, ko ta huta haka nan. Duk sau ukun ta kwana tana son ta ce to, da safe ta dubi bango ta ce a'a. Dabararta ɗaya ce: in tsoro ya taso sai ta sami abin ƙirgawa.

Taku dubu ɗaya da ɗari takwas, ta fara jin ƙasa tana rawa a tafin ƙafarta.

An kewaye masaƙar da kwano. Katafila biyu rawaya suna ciki, sun riga sun cinye bangon gaba da ɗakin rini, ƙura ta turnuƙe. A bakin ƙofa wani ƙaton mutum mai farar hular kwano da fayil a hammata ya tare ta. Shi ne injiniyan aikin.

"Mama, ina zuwa haka? Nan ba coci ba ne."

"Ɗana, kashe injinan nan. Akwai mutum a ciki."

"Ko ɓera babu. Kwana uku muna shela da lasifika, safe da yamma. Yau ma sau biyu, ni da bakina. Wanda bai ji ba sai dai in kurma ne."

"Kurma ne."

Injiniya ya dube ta, ya dubi ginin. Fayil ɗin ya zame ya faɗi. Ya sa usur a baki ya busa har jijiyar wuyansa ta tashi, yana ɗaga hannu biyu. Katafila ta farko ta mutu, ta biyu ta bi. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro, domin a cikinsa ne Sista ta ji ginin yana magana: ƙas, ƙas, sai wani dogon nishi, sai yashi na zuba.

"Ginshiƙi ashirin da huɗu ne a ƙasa," Injiniya ya ce, muryarsa ta canza. "Mun sare tara. Abin da ke riƙe da saman nan yanzu, Allah ne. Babu mai shiga. Zan kira 'yan kwana-kwana."

"Minti nawa za su yi?"

"Arba'in. In an yi sa'a."

"Ginin zai jira arba'in?"

Injiniya ya sunkuya ya ɗauki fayil ɗinsa.

"Kuma ko sun zo, in ya ga kaki ɓuya zai yi. Sau biyu masu gadi suna yi masa duka. Akwai ramuka a cikin nan da ku ba ku san su ba." Sista ta matso kusa da shi. Shekara arba'in da uku ba ta taɓa faɗa wa mai hula ko mai kaki inda wani nata yake kwana ba, shi ya sa suke yarda da ita. "Ɗakin tukunyar tururi yake kwana. Akwai ƙaramar ƙofa ta baya, kusa da kwata."

"Mama, in wani abu ya same ki, ni za a ɗaure."

"In wani abu ya same shi fa, wa za a ɗaure?"

Ya yi tsaki, ya cire hularsa ya kifa mata a kan lulluɓinta. Hular ta sauko mata har hanci. Ya karɓi tocila biyu a hannun wani lebura, ya ce wa sauran kowa ya ja baya, ya bi ta yana cewa, "Uwata ta ce in yi aikin banki, na ƙi."

Ƙofar ƙarfe ce, ta yi tsatsa, tsayinta bai kai ƙirji ba. Bayanta matakala goma sha huɗu ne zuwa ƙasa, baƙi ƙirin. Sau biyun da Baba Masaƙi ya yi zazzaɓi, a nan bakin ƙofar Sista ta tsaya ta miƙa magani da hannun Lauya. Yau babu Lauya. Warin danshi ya bugi hancinta, irin warin nan na ƙasa mai zurfi. Ta kama gicciyen wuyanta. Ɗaya. Biyu. A na bakwai wani abu ya bi ta kan ƙafarta, ta yi ƙara, Injiniya ma ya yi ƙara a bayanta.

"Kai da ka ce ko ɓera babu."

"Na janye, Mama."

Ɗakin babu kowa. Kwalaye shimfiɗe a gefen tsohuwar tukunya, bargo a ninke tsaf, gwangwanin ruwa, guntun madubi, reza da kumfar sabulu ba ta gama bushewa ba. Injiniya ya sauke numfashi.

"Kin gani? Ya fita. Mu tafi, don girman Allah."

Sista ta haska bango. Ƙusa ɗaya, babu komai a kanta, a ƙasa kuma wata babbar leda a yashe. Ta san abin da ke cikin ledar, domin ya sha ba ta labarinsa: shuɗiyar rigarsa ta aiki, wadda yake wankewa sau ɗaya a shekara ya mayar. Ya kuma sha gaya mata, da muryar nan tasa mai tsaga kunne, cewa shi ba ya bukatar a aiko masa. Ranar da ya ji ƙasa tana rawa a bayansa, ya san an tada inji.

Ta juya ta dubi Injiniya.

"Bai fita ba. Aiki ya tafi."

"Wane aiki?"

"Ya ji rawar katafilarku ya ɗauka an buɗe masaƙa. Ina ɗakin saƙa?"

Injiniya ya ɗaga tocila sama a hankali, ya nuna rufin da ke kansu. "Bene na biyu."

Matakalar da suka samu ta ƙarfe ce, manne da bango, rabin kusoshinta sun fita. Injiniya ya ɗora ƙafa ɗaya, ta yi wani kuka ta karkace. Ya janye da sauri.

"Nauyinka nawa?" Sista ta tambaya.

"Ɗari da goma."

"Ni arba'in da shida."

"Mama, haba."

"Tsaya nan. In ka ji shiru ya yi yawa, ka fita. Kana da 'ya'ya?"

"Huɗu."

"To ka fita."

Taku arba'in da huɗu ne. Ta hau su da hannu da ƙafa kamar mai rarrafe, tocila a aljihun atamfa, hular na rufe mata ido. Ta cikin ramukan ƙarfen tana hango hasken Injiniya yana ƙanƙancewa. Ta so ta yi A Gaishe Ki Maryamu, addu'ar da ta yi sau dubbai, sai ta tarar kalmomin sun gudu, lambobi kaɗai suka rage. Ta ce a ranta, Ya Ubangiji, karɓi waɗannan, su nake da su. Ashirin da ɗaya. Ashirin da biyu. A na talatin gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, ta jawo ta da hannu. A na talatin da takwas ginin ya yi nishi, matakalar ta girgiza, ta rungume ƙarfe ta runtse ido har ya lafa.

Ɗakin saƙa dogo ne kamar filin ƙwallo. An sayar da injinan tun tuni, sai kawunan ƙarafa a dabe, layi-layi. Can ƙarshensa, ta ɓangaren da katafila ta ci, babu bango, sai sarari da ƙura, daben ya sunkuya kamar harshe. Wata tsaga mai faɗin tafin hannu ta ratsa ɗakin daga gefe zuwa gefe.

Baba Masaƙi yana tsaye hayin tsagar, ya ba ta baya. Shuɗiyar riga a ɓalle har wuya, tsintsiya a hannu. Ya share wuri guda, tsawon taku goma, fes, a tsakiyar duk wannan tarkace.

Kira ba shi da amfani. Taɓa shi ta baya kuma haɗari ne, domin firgita yake ya kai duka ko ya zabura. Ta ciro tocila ta wulga haske a ginshiƙin da ke gabansa, sau uku. Ya juyo. Fuskarsa ta washe, ga yankan reza biyu a haɓa.

"Sista! Kin ji? An tada inji!"

Muryar ta daki rufi, farar ƙasa ta zubo kamar gari. Ta ɗora yatsa a baki tana roƙonsa da ido. Ta yafito shi. Ya girgiza kai yana dariya.

"Na ce musu za su neme mu! Tun shida nake nan, ni na fara zuwa. Ga layina, na sha huɗu. Sun ɗan tsaya ne, gyara suke yi a gaba. Ki yi haƙuri da shayi, yau ba hali!"

Ba yadda za ta yi. Daga inda take ba zai ga bakinta ba. Taku talatin da ɗaya ta yi a kan daben da take jin yana numfashi, ta tsallake tsagar ba ta dubi cikinta ba, ta tsaya a gabansa, ta tura hular baya, ta buɗe baki sosai tana magana a hankali.

"Oga yana ƙasa. Yana nemanka."

Ba ƙarya ba ce tsantsa, amma ta san abin da take so ya fahimta, kuma ta ji ɗacin abin a harshenta. Ko hakan bai yi ba.

"Ya hau ya same ni! Masaƙi ba ya barin layinsa sai an karɓe shi. Sabon oga ne, ko? Bai san doka ba."

Wani dunƙulen siminti ya ɓalle daga ƙarshen ɗakin. Ba ta ji ƙarar faɗuwarsa ba sai bayan ta ƙirga uku. Daben ya motsa ƙarƙashinsu. Sai ta sa hannu biyu ta kama fuskarsa, ta juyo da ita saitin bakinta.

"Baba, dube ni. Ba gyara ba ne. Rushewa ake yi. Yau. Duka."

Ya ƙura wa leɓenta ido.

"Na faɗa ran Litinin. Na ba ka baya, ba ka gani ba. Laifina ne. Ba za a buɗe ba. Ba za a sake buɗewa ba."

Ya daɗe yana kallon bakin bayan ya daina motsi. Sannan ya juya ya dubi ƙarshen ɗakin, inda bango ya kamata ya kasance, kamar yanzu ne ya fara ganinsa. Tsintsiyar ta faɗi. Ya zauna a tsakiyar wurin da ya share, ya miƙe ƙafafu. A karo na farko tun da ta san shi, muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa.

"To. Ki sauka, Sista. Na gode."

"Tashi."

Ya kawar da kai, wato ya rufe kunne ke nan. Ta ja hannun rigarsa, ko gezau. Ta so ta zagaya gabansa, sai ƙafafun suka ce sun gama. Ta zube a gefensa. Jikinta ya ɗauki ɓari, haƙoranta na haɗuwa, ta ji ɗumi yana bin cinyarta, ta san fitsari ne ya kufce mata, ba ta ma iya jin kunya ba. Ta nemi abin ƙirgawa ta rasa.

Rawar jikin ce ya ji a kafaɗarsa. Ya waiwayo.

"Me ya same ki?"

"Tsoro."

"Ke?"

"Ban iya sauka. Wallahi ban iya. Ƙafata ta ƙi."

Ba dabara ba ce, iyakar gaskiyarta ke nan. Ya dube ta sama da ƙasa: hular da ta fi kanta, atamfar kicin, jiƙaƙƙen siket, takalmin roba. Ransa ya ɓaci, muryar ta dawo da ƙarfinta.

"Ta ina kika hau?"

Ta nuna.

"Ta ƙarfen? Wane mahaukaci ya bar ki? Waccan tun muna aiki aka hana hawanta! Mace da girmanki, da wannan takalmi! Tashi!"

Ya miƙe, ya cicciɓe ta kamar dami, ya tsallakar da ita tsagar. Bai nufi inda ta fito ba. Ya ja ta gefen hagu, bin bango, inda ya ce ƙarƙashinsa ginshiƙai ne, ya ture wata ƙofar katako da ita ba ta ma lura da ita ba. Matakalar siminti ce ta bayan rumbun auduga, babu taga ko ɗaya. Ta laluba aljihu. Tocilar tana can inda ta zube.

"Baba, babu haske," ta ce, ta manta ba ya ganin bakinta a duhu.

"Kama rigata! Hamsin da biyu ne, akwai juyi huɗu. Na ashirin ya gutsure, in na ce tsallaka ki tsallaka!"

Ta damƙe bayan rigar da hannu biyu. Duhu ya rufe su ruf. Yana taka ɗaya yana faɗin lambarsa da ƙarfi, tana bi, gwiwar na sukarta kamar ana soka allura. Ƙasa na zubo mata a wuya. A wajen na talatin da biyar wani abu mai nauyi ya faɗi a samansu, bangon ya buge ta a kafaɗa, ƙura ta cika mata baki, ta yi kururuwa iya ƙarfinta. Shi bai ji ba, bai kuma tsaya ba. "Talatin da shida!" ya ce. Ta bi.

Ya doki wata ƙofa da kafaɗa sau biyu, haske ya mare su. Suka fito bayan gini, cikin ciyawa da fasassun kwalabe. Bai sake ta ba sai da suka kai jikin katangar kwano.

Injiniya bai fita ba, ashe. Yana can ƙofar kwata, rabin jikinsa a ciki, yana kiran Mama, Mama, muryarsa ta dishe. Wani lebura ya hango su ya yi ihu. Ya taho da gudu, tumbinsa na gaba, fuskarsa fari fat da ƙura, ya tsaya yana haki, ya rasa wanda zai fara zagi.

"Minti ashirin da shida," ya ce. "Mama, kin rage mini shekara goma. Akwai saura? Ki faɗa mini gaskiya, akwai wani?"

"Sha ɗaya ne. Goma sun sha shayi yau, na gan su da idona. Wannan ne na sha ɗaya."

Ba a ma sake tada katafila ba. Suna tsaye a wurin, ɓangaren gaba na ɗakin saƙa ya sunkuya, ya yi kamar yana shawara, sannan ya tafi gaba ɗaya, bene ya hau bene. Ƙasa ta yi tsalle. Leburori suka watse suna salati da kiran Yesu, kowa da nasa. Sista ta tsuguna ta yi amai a gindin katanga.

Baba Masaƙi bai motsa ba. Ya tsaya har ƙurar ta lafa, yana kallon inda layinsa yake a dā, yanzu sarari. Ya ɓalle maɓallin wuya, ya ɓalle na biyu. Sai ya sunkuyo, ya kawo fuskarsa kusa da tata don ya ga amsa.

"Sista, yau a ina zan kwana?"

Ta goge baki da atamfa. Ɗakin kwanan baƙi na gidan Sistoci gado sha biyu ne, kowanne da mutum a kai, kuma ba ya iya kwana cikin jama'a. Akwai tsohon ɗakin mai gadi bayan gareji, ƙofarsa lafiya, dabensa lafiya, rufin ne iska ta yaye bara. Ta auna shi a ka: taku huɗu da uku.

Ta ɗaga ido ta dubi Injiniya, wanda ke zuba wa kansa ruwa daga gora.

"Ɗana, kwanon rufin ɗakin rinin can da kuka tara, ina za ku kai shi?"

"Mama, ki bari in dawo hayyacina tukuna."

"Falle shida nake so, marasa huji. Da katako huɗu. Da mutum biyu masu guduma, na awa ɗaya."

Ya juya ya ƙwala wa leburori kira.

Sista ta miƙa wa Baba Masaƙi hannu. "Ɗaga ni," ta ce, tana buɗe baki sosai. "A hankali. Gwiwar hagun ce."